Cire Asusun Da Ba A Bukata Daga Kwamfutar Aiki

A yawancin cibiyoyin yaƙi da jahilci da ofisoshin bincike, tun daga Yamai har Damagaram, kwamfuta ɗaya hannuwa da yawa ke taɓa ta. Mai bugun rubutu yana da nasa suna a cikinta, ɗalibin da ya zo horo na wata uku an buɗe masa nasa, haka ma malamin da aka yi wa canjin wurin aiki tun bara. Kwanci tashi sai allon shiga ya cika da sunayen mutanen da ba sa nan, faifan ajiya kuma ya cika da kayansu. Ran da shugaban ofis ya ce a share, sai a tarar aikin ya fi yadda a ke zato: wani suna ya ƙi fita, wani ya fita ya dawo, wani kuwa ya fita ya tafi da aikin shekara guda. Wannan na ƙarshe shi ne ya sa muka ga ya kamata mu yi bayanin nan, domin muryar tsohuwar da aka ɗauka tana tatsuniya a ƙauye, in ta ɓace, ba kullum a ke samun damar sake ɗaukarta ba.

Za mu fi tsayawa a kan tsarin Windows, domin shi ya fi yawa a ofisoshimmu. Tun da ya ke kuma injunan da ke ƙasar nan galibi da Faransanci su ke magana, sunayen wuraren da a ke latsawa za mu kawo su ne yadda su ke bayyana a Faransance.

Kalmomin da muka zaɓa

Abin da Faransanci ke kira « compte » mun kira shi asusu, kamar yadda aka saba a rediyo da wayar hannu. Asalin asusu dai ɗan tulu ne na ƙasa ko akwatin da a ke jefa kuɗi a ciki, masana kuma suna danganta kalmar da « esusu » ta Yarbanci. Kalmar ta zauna, ba mu da niyyar tayar da ita, amma tana da wata illa a nan: tana sa mutum ya ɗauka cewa kayan mai aiki a cikin asusun su ke, watau in an fasa shi komi ya fito ko komi ya watse. Ba haka abin ya ke ba. Asusu suna ne kawai da kalmar sirri da lamba, tare da bayanin abin da aka yarda mai shi ya yi. Kayan kuwa suna wani wuri dabam, wanda Faransanci ke kira « profil », mu kuma za mu kira shi rumbu. Rabin wahalar da a ke sha ta samo asali ne daga rashin bambanta asusu da rumbu.

Haka nan akwai bukatar a raba aikatau uku da baki ke gwamutsawa. Dakatarwa ita ce a rufe ƙofar asusu, shi da rumbunsa suna nan. Cirewa ita ce a soke sunan daga jerin masu shiga. Gogewa kuwa ita ce a kawar da kayan da ke rumbu. Ana iya yin ɗaya ba tare da sauran ba.

Suna da lamba

Tunanin raba inji ɗaya tsakanin mutane da yawa ya girmi kwamfutar tebur. Tun farkon shekarun 1960, a jami'ar MIT ta Amurka, tsarin CTSS da Fernando Corbató ya jagoranta ya ba kowane mai aiki sunansa da kalmar sirrinsa. Windows ta ɗauki wannan hanya sosai daga Windows NT ta 1993, ta kuma kai ta gidaje da ƙananan ofisoshi da Windows XP a 2001.

Abin lura shi ne inji bai san mutum da suna ba. Duk asusun da aka buɗe ana ba shi wata doguwar lambar shaida da a ke kira SID, mai farawa da S-1-5-21, sai rukuni uku na alkalumma waɗanda ke nuna injin, sai ƴar lamba ta ƙarshe wadda ke nuna asusun. Asusun da mutane ke buɗewa suna farawa ne daga 1000 zuwa sama. Wanda ya buɗe tagar umurni ya rubuta whoami /user zai ga tasa. A jikin kowane fayil da kowace jaka lambar nan ce a ke rubutawa a matsayin mai shi, ba suna ba. Windows kuma ba ta sake ba wani lambar da ta taɓa bayarwa.

Daga nan a ke gane wani kuskure da ya yi yawa. An cire asusun « dalibi » bisa kure, sai a ce ai da sauƙi, a sake buɗe wani da wannan suna da wannan kalmar sirri. Sabon asusun zai buɗe, amma a wurin inji baƙo ne, lambarsa dabam. Ba zai gāji tsohon rumbu ba. In tsohuwar jakar tana nan, Windows za ta ƙaga masa wata ta liƙa mata sunan injin ko alkalumma 000 a bayan sunan. Takwara ba magaji ba ne.

Rumbu yana cikin jakar C:\Users, wadda Windows ta Faransanci ke nunawa da sunan « Utilisateurs » ko da ya ke sunanta na ainihi bai canza ba. Kafin Windows Vista ana kiranta Documents and Settings. A ciki akwai jakunkunan da kowa ya sani, na takardu da hotuna da tebur, akwai kuma abubuwa biyu da ke ɓoye: jakar AppData, inda manhajoji ke ajiye kayan kowane mutum, da fayil mai suna NTUSER.DAT, inda a ke rubuta zaɓe-zaɓensa, tun daga launin allo har zuwa harsunan da ya ke rubutu da su.

Abin da ya kamata a kwashe tukuna

A nan za mu daɗe, domin nan ne asara ke faruwa.

Hanyoyin cirewa uku ne da aka fi bi, kuma ba abu ɗaya su ke yi ba. Ta cikin « Paramètres », sai « Comptes », sai « Autres utilisateurs », maɓallin ƙarshe yana cewa « Supprimer le compte et les données ». Wannan yana cire asusu ya goge rumbu a tashi ɗaya, kayan kuma ba sa biyawa ta kwandon shara. Ta cikin « Panneau de configuration », a sashen « Gérer un autre compte », ana ba mutum zaɓi tsakanin « Conserver les fichiers » da « Supprimer les fichiers ». Ta tagar umurni kuwa, net user dalibi /delete yana cire asusun kaɗai, ya bar rumbun yadda ya ke.

Mutane da dama suna samun natsuwa da « Conserver les fichiers », suna ganin an adana musu komi. A karanta saƙon da kyau. Abin da a ke adanawa shi ne kayan tebur, da takardu, da hotuna, da sauti, da bidiyo, da adireshin shafukan da aka fi so, a tara su cikin jaka ɗaya a teburin wanda ya yi cirewar. Ba a ambaci jakar « Téléchargements » ba, alhali kuwa nan ne duk abin da aka aiko wa mutum ta intanet ke sauka, kuma mun san yadda masu aiki ke buɗe takarda daga can su ci gaba da gyara ta a can har wata da watanni. Ba a ambaci AppData ba. Ba a ambaci wata jaka da mai aiki ko manhaja suka ƙaga a bakin rumbun ba.

Ga mai aikin harshe, abubuwan da ke wajen wannan jeri ba ƙanana ba ne. Wasiƙun da ke cikin Thunderbird a AppData su ke. Manhajar Zotero, da masu bincike ke tara sunayen littattafai da ita, tana ajiye taskarta a wata jaka mai sunanta a bakin rumbu, ba cikin takardu ba. Ƙamus ɗin da mai bugun rubutu ya gina a Word, kalma bayan kalma, duk lokacin da ya gaya wa inji cewa « ƙanƙara » ko « ɗaiɗaita » ba kure ba ne, fayil ne ɗan ƙarami mai suna CUSTOM.DIC a ƙarƙashin AppData, cikin jakar UProof. Mai shirya littattafan karatun manya ya san darajar irin wannan jeri, domin sau da yawa shi ne kaɗai shaidar ƙa'idar rubutun da ofis ya bi a aikace.

Sai batun baƙaƙe masu lanƙwasa. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suna da gurbinsu a tsarin Unicode tun farkonsa a 1991, amma rubuce-rubuce da yawa na shekarun baya an buga su ne da wasu nau'o'in haruffa na musamman, waɗanda aka cusa ƙ a gurbin wata alama dabam. Irin wannan takarda ba ta karantuwa sai da nau'in haruffan da aka buga ta da shi. To, tun daga sabuntawar Windows 10 ta ƙarshen 2018, mai aiki yana iya girka nau'in haruffa don kansa kaɗai, sai ya zauna cikin AppData ɗinsa maimakon jakar haruffa ta inji duka. A goge rumbunsa, gobe a buɗe littafin koyon karatu a tarar duk inda ƙ ta ke wata alama ce ta fito. Rubutun bai lalace ba, tufarsa ce aka ƙone. Amma in babu wani kofi na haruffan, sai an bi shi da gyara ɗaya bayan ɗaya. Maganin shi ne a kwafe haruffan tun da wuri a sake girka su da zaɓin « Installer pour tous les utilisateurs ». Mafi kyau ma a juya tsofaffin takardun zuwa Unicode, amma wannan wani aiki ne mai zaman kansa.

Haka zancen ya ke ga allon bugu. Jerin harsuna da tsarin maɓallai na kowane mutum a cikin NTUSER.DAT ɗinsa ya ke. Tsarin Hausa da ke zuwa da Windows an gina shi a kan jerin QWERTY, alhali injunammu galibi AZERTY ne, shi ya sa ofisoshi da dama ke amfani da Keyman ko wani tsari da wani ma'aikaci ya ƙera. In a asusunsa kaɗai ya girka shi, zai tafi tare da shi.

Masu aiki da ELAN wajen rubuta abin da aka ɗauka a faifai su lura cewa fayil ɗin rubutun ba ya ɗauke da sautin, hanyar zuwa gare shi kawai ya ke riƙewa. A kwashe su tare cikin jaka ɗaya. In ba haka ba manhajar za ta tsaya tana tambayar inda sautin ya shiga.

Akwai tarko biyu kuma da kwafa kawai ba ta isa ta tsallake su. Na farko OneDrive: tun 2017 yana iya nuna sunan fayil a jaka alhali cikinsa yana can a intanet, da ɗan hoton girgije a gefensa. Sai mai asusun ya shiga, ya umurci a sauko da su duka, a jira su gama, sannan a kwafa. Inda layin intanet ke da rauni, wannan yana iya cin yini. Na biyu ya fi muni. A Windows irin ta « Professionnel » mutum yana iya kulle fayil da tsarin EFS ta latsa akwati ɗaya, makullin kuwa yana cikin rumbunsa, ɗaure da kalmar sirrinsa. Mai gudanarwa yana ganin sunan fayil ɗin, ba ya iya buɗe shi. In aka goge rumbun ba a fitar da takardar makullin ba, a injin da babu wani wakilin ceto da aka naɗa, fayil ɗin ya rufe ke nan har abada. Ko sauya wa mutumin kalmar sirri da ƙarfi daga wani asusu yana hana buɗewa. Umurnin cipher /u /n yana lissafa irin waɗannan fayiloli, kuma galibi ana gane su da ɗan kwaɗo a jikin hotonsu. Sai mai su ya buɗe su da hannunsa kafin ya tafi.

Saboda duk wannan, ra'ayimmu shi ne kada a fara da cirewa. A dakatar da asusun da net user dalibi /active:no, sunan zai ɓace daga allon shiga, komi kuma yana nan. A kwafe rumbun gaba ɗaya, har da ɓoyayyun jakunkuna, zuwa faifan waje. A bar wata guda ko biyu ana aiki. In ba wanda ya zo yana neman wani abu, sai a cire. In an nema, /active:yes ya mayar da shi cikin daƙiƙa.

In asusu ya ƙi fita

Dalilan ba su da yawa, kuma galibinsu masu sauƙi ne.

Ba a sare reshen da a ke zaune a kai: asusun da mutum ya shiga da shi ba ya bayyana cikin waɗanda za a iya cirewa. Sai an shiga da wani, kuma wanda ke da ikon gudanarwa. Umurnin net localgroup Administrateurs yana nuna masu wannan iko. In tagar umurni ta amsa da kure mai lamba 5, watau an hana shiga, ma'anarsa ba a buɗe ta da zaɓin « Exécuter en tant qu'administrateur » ba, ko da mutumin shi ne mai gudanarwa. In sunan yana da fili a tsakiya, sai a sa shi tsakanin alamun zance. Shawarwari da yawa da a ke bayarwa suna cewa a buɗe lusrmgr.msc, wannan kayan aiki ba ya cikin Windows irin ta « Famille », don haka wanda ya neme shi bai samu ba kada ya ɗauka injinsa ya lalace, netplwiz da net user suna nan.

Wani lokaci mai asusun bai fita ba. Tun Windows XP ana iya sauya mai aiki ba tare da na farkon ya rufe zamansa ba, don haka mutum ya tafi gida amma a wurin inji yana zaune. Ana ganinsa a « Gestionnaire des tâches », shafin « Utilisateurs ». Muddin zamansa na buɗe, NTUSER.DAT ɗinsa yana hannun inji, rumbun ba zai gogu ba. A rufe zaman, ko a sake tayar da injin da « Redémarrer ». Mun ce « Redémarrer » da gangan, domin tun Windows 8 kashewa ta yau da kullum ba ta sauke komi, tana ajiye wani sashe na tsarin don saurin tashi.

Akwai kuma asusun da ba na kowa ba ne, da su tsarin ya zo. « Administrateur » mai lambar ƙarshe 500, « Invité » mai 501, DefaultAccount mai 503, da WDAGUtilityAccount mai 504, wanda ya bayyana a 2017. Waɗannan ba a cire su. Wanda ya gwada zai sami kure mai lamba 1371. A dakace su ke tun asali, ba sa cin wuri, ba kuma alamar ɓarawo ba ne. In aka tarar « Administrateur » a buɗe, mai yiwuwa wani mai gyara ne ya buɗe shi ya manta, sai a dakatar da shi, domin sau da yawa ba shi da kalmar sirri. Shi kuwa defaultuser0, wanda ya fara damun mutane bayan sabuntawar 2016, saura ne na lokacin girka tsarin. Ba shi da illa, ana kuma iya cire shi. Wasu manhajoji ma suna buɗe nasu asusu don aikinsu, kamar ASPNET ko postgres a tsofaffin injuna. Kafin a taɓa sunan da ba a gane ba, a tambayi wace manhaja ce ke dogara da shi, don kada a wayi gari taskar ƙamus ta ƙi buɗewa.

Tagar umurni ba ta da tausayin da tagogin hoto ke da shi, tana iya barin mutum ya raba kansa da ikon gudanarwa har inji ya zama ba shi da mai iko ko ɗaya. Mafita a nan ita ce tayar da shi a « Mode sans échec », inda asusun « Administrateur » ke bayyana in babu wani mai gudanarwa da ya rage, daga can a mayar wa wani asusu ikonsa.

In suna ya fita, jaka ta tsaya

Wannan shi ne sakamakon net user ko netplwiz, kamar yadda muka faɗa. Hannu yakan yi saurin jan jakar zuwa kwandon shara, amma hakan yana barin wani saura. Windows tana riƙe da jerin rumbuna a kundinta na rajista, a wurin da a ke kira ProfileList, kowace lambar shaida da hanyar jakarta. In aka goge jakar asusun da ke raye aka bar layinsa a kundin, ran da mai shi ya shiga sai a ba shi rumbun wucin gadi, duk abin da ya rubuta a ranar kuma ya ɓace da ya fita. Hanyar da ta dace ita ce a rubuta sysdm.cpl, a shiga « Paramètres système avancés », sai « Profil des utilisateurs ». Rumbun da asusunsa ya riga ya tafi yana bayyana da sunan « Compte inconnu », tare da girmansa da ranar da aka taɓa shi ƙarshe. Gogewa daga nan tana kawar da jaka da layin kundi tare. In akwai « Compte inconnu » fiye da ɗaya, girma da kwanan wata su ne abin dubawa, kada a yi ƙiyasi. In maɓallin ya dushe, rumbun yana hannun inji ne, sai a sake tayarwa.

Jakunkunan Public da Default da ke cikin Users ba na wani mutum ba ne. Default ita ce ƙirar da a ke zuba kowane sabon rumbu a cikinta. A goge ta, sabon asusu ya kasa shiga.

Asusun da igiyarsa ke waje

Tun Windows 8, a 2012, ana iya shiga inji da asusun Microsoft, watau da adireshin wasiƙa. Ana gane rumbunsa da cewa sunan jakar haruffa biyar ne na farkon adireshin. Cire irin wannan daga inji ba ya rufe shi a intanet, mai shi yana nan da wasiƙunsa. Amma ofis ne ke iya yin asara. In da asusun wannan mutum aka fara tayar da injin, mai yiwuwa faifan yana kulle da BitLocker, makullin ceto mai alkalumma 48 kuma yana ajiye a asusunsa na intanet. Sababbin injuna masu Windows 11 suna yin wannan kulle da kansu ba tare da mai aiki ya lura ba. Ran da aka canza wani sashe na injin ya nemi makullin, mutumin yana Tawa ko ya bar aiki. Umurnin manage-bde -protectors -get C: yana nuna makullin, a rubuta shi a takarda a sa a akwatin ofis kafin a sallami kowa. Lasisin Word ma yana iya kasancewa da sunansa.

Sunan da ke cikin rukunin iyali na Microsoft yakan ci gaba da bayyana har sai an fitar da shi daga rukunin a intanet. Asusun da wata babbar ma'aikata ke gudanarwa daga cibiyarta kuwa ba a cikin injin ya ke ba, rumbunsa kaɗai ke nan, don haka rumbun a ke gogewa, soke sunan kuma aikin cibiyar ne.

Kwamfutocin hannu da a ke shigowa da su daga Turai, waɗanda ƙananan cibiyoyi ke saye a kasuwannin Yamai da Maraɗi, sukan zo da asusun tsohon mai su ko na mai sayarwa. A kan waɗannan ba mu ga amfanin tsince-tsince ba. A sake girka tsarin daga tushe, ko a yi « Réinitialiser ce PC » da zaɓin « Supprimer tout ». In bayan haka inji ya tashi yana neman a shiga da sunan wani kamfani, to har yanzu yana cikin rajistar kamfanin, sai a mayar wa mai sayarwa. A tuna kuma Microsoft ta daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, abin da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi. Asusun da aka cire ya dawo da kansa, ba na iyali ba, ba na wata manhaja da aka sani ba, musamman in yana cikin masu gudanarwa, wannan kam a zare injin daga intanet a bincike shi.

Linux, a taƙaice

Inda a ke amfani da Ubuntu ko danginsa, userdel yana cire asusu, userdel -r yana haɗawa da jakar gida. Bambancin da ya kamata a sani shi ne a nan lamba tana iya komawa hannun wani. Lambobin mutane suna farawa daga 1000, in aka cire mai lamba ta ƙarshe, wanda aka buɗe bayansa yakan ɗauke ta, sai ya tarar ya mallaki duk fayilolin da wancan ya bari a ko'ina cikin faifai. Akasin Windows ke nan daidai. A nemo su da find a sauya musu mai shi kafin a buɗe wa sabon ma'aikaci.

Bayan gogewa

Gogewa ba ta shafe rubutu daga faifai nan take, tana dai sanar da inji cewa wurin ya zama fili. A tsohon faifai mai juyawa, wanda ya goge rumbu bisa kure ya daina amfani da injin a take, kada ya girka komi a ciki, ya kai faifan ga wani inji a gwada manhaja irin PhotoRec. Sau da yawa ana samun sauti da takardu, ko da sunayensu sun ɓace. A faifan SSD kuwa inji yana share wuraren da kansa ba da jimawa ba, fatan samu kaɗan ne.

Wannan yana da ɗaya fuskar. Rumbun mai bincike yana ɗauke da sunayen waɗanda aka yi hira da su, da ƙauyukansu, da muryoyinsu, wani lokaci da jerin matan da ke zuwa ajin dare da lambobin wayarsu. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, an kuma sake ta a 2022. Injin da za a ba wata cibiya ko a sayar, cire asusu kaɗai bai wadatar ba in faifansa mai juyawa ne. Umurnin cipher /w:C: yana bin duk filin da ba kowa a faifan ya rubuta a kansa har sau uku, yana kuma iya ɗaukar awoyi, don haka a tabbata akwai wuta ko batir mai ƙarfi kafin a fara.